TSOHON WASAN JAPAN YA ISO GOMBE A MAKARE: ME SABON SHIGA ZAI TARAR?

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan karin magana ya faɗa daidai a kan wani irin wasan talbijin da mutanen Japan suka ƙago tun cikin 1986, wanda ya zaga duniya ya tara ma masu shi dukiya, amma bai sami masauki a gidajen wasanmu ba a wancan zamani. Yanzu da wayar hannu ta shiga aljihun yaro da babba, matashin da ke zaune a Tudun Wada, ko Jekadafari, ko Bolari, ko Pantami cikin garin Gombe, yana iya buɗe wasan da ya girme shi da shekaru masu yawa, ya shiga cikinsa karon farko.

Turawa suna taƙaita sunan irin wannan wasa da haruffa uku, watau RPG. In za a ba shi suna da Hausa, sai a ce wasan shiga rigar jarumi, domin kuwa mai wasan yakan ɗauki matsayin wani mutum ne a cikin labari, ya yi tafiya a madadinsa, ya yi magana da bakinsa, ya yi ciniki da kuɗinsa, kuma kome ya sami jarumin, shi ya jawo. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Wanda ya san wasan kalankuwa, inda samari kan naɗa sarki da alƙali da dogarai a tsakaninsu bayan kaka, kowa ya riƙe muƙaminsa har a tashi, ya riga ya san gindin abin. Bambancin kawai shi ne, a nan na'ura ce ke riƙe da dokoki da lissafi.

ABIN DA YA HANA SHI ZUWA DA WURI

Kamfanin Nintendo ya fito da akwatin wasansa mai suna Famicom a Japan a watan Yuli na 1983, sa'an nan ya kai shi Amurka a 1985 da wani suna dabam. Abin da ya fi isowa kasuwannin Arewa daga baya shi ne jabunsa, mai rahusa, tare da kaset ɗin nan masu ruwan ɗorawa waɗanda aka rubuta wa cewa akwai wasanni dubbai a ciki, alhali kuwa 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. A ciki ne yaran wancan lokaci suka san Super Mario, da Contra, da harbin agwagi, da yaƙin tankoki.

Akwai dalilai uku da suka sa wasan shiga rigar jarumi bai biyo wannan ayari ba. Na farko, wasa ne na karatu. Rabinsa rubutu ne, kuma yawancin na asali da rubutun Japan suka fito, wanda ba mai iya karanta shi a nan. Na biyu, wasa ne na kwana da kwanaki, wanda dole a ajiye inda aka tsaya a dawo gobe a ci gaba, su kuwa kaset ɗin jabu ba su da ɗan batirin da ke riƙe wannan ajiya. Wutar lantarki kuma, wadda har yau jama'a ke kira NEPA ko da yake hukumar ta daɗe da rushewa, tana iya ɗaukewa a tsakiyar tafiya, aikin yini guda ya bi ruwa.

Dalili na uku shi ne tsarin gidan gem kansa. Lokacin da Gombe ta zama babban birnin jiha ran 1 ga Oktoba 1996, garin ya soma cika yana batsewa da ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai, gidajen kallo da na wasa suka yawaita kamar yadda suka yi a sauran biranen Arewa. Mai gidan gem kuwa man janareta yake saye, saboda haka wasan da ya fi masa riba shi ne wanda mutum biyu za su kara, a yi ta ta ƙare cikin 'yan mintoci, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. Ƙwallon ƙafa na PlayStation da damben Mortal Kombat sun dace da wannan ciniki. Amma wasan da mutum ɗaya zai riƙe akwati awa ashirin yana karanta maganganun mutanen ƙauye, wane mai shago zai yarda da shi?

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Bayan shekaru, da wayoyi masu Android suka yi araha, sai ga shi ƙaramar wayar da ake saye a kasuwar Gombe ta fi akwatin 1983 ƙarfi ninkin ba ninkin. Matsalar ajiya da ta wuta duk sun kau a lokaci guda.

ASALIN WASAN

Tushen abin a Amurka yake. A 1974 waɗansu mutane biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka buga dokokin wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda ake yi a kan tebur da takarda da alƙalami da 'ya'yan ludo masu fuska da yawa. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran suna faɗin abin da jarumansu za su yi. A 1981 aka mai da wannan dabara cikin kwamfuta da wasanni biyu, Ultima da Wizardry, amma suna da wuyar sha'ani, sai wanda ya ƙware.

Wani marubuci Bajapane, Yuji Horii, shi ne ya ga ya kamata a sauƙaƙa abin yadda ƙaramin yaro zai iya. Ya haɗa kai da Koichi Nakamura wanda ya tsara aikin na'ura, da Akira Toriyama mai zanen Dragon Ball wanda ya zana dodannin, da Koichi Sugiyama wanda ya tsara kiɗan. Kamfanin Enix ya fito da wasan ran 27 ga Mayu 1986 da sunan Dragon Quest. Dukan ƙasar da ke cikinsa, da garuruwanta da kogunanta da kiɗanta, an cusa su ne cikin ma'aji mai kilobait 64, wanda hoto ɗaya da ake ɗauka da waya a yau ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. An sayar da fiye da kaset miliyan ɗaya a Japan. Da na ukunsa ya fito a watan Fabrairu na 1988, sai da 'yan sanda suka kama ɗaruruwan ɗalibai da suka gudu daga makaranta suka bi layin saye.

Kishiyarsa, Final Fantasy na kamfanin Square, ta fito a watan Disamba na 1987. Kamfanonin biyu sun haɗe sun zama ɗaya a 2003. Sugiyama ya mutu a 2021, Toriyama kuma a 2024, amma aikinsu yana nan ana ta sake masa riga.

RANAR FARKO A FADAR SARKI

Fassarar Turanci ta fito a Amurka a 1989 da sunan Dragon Warrior, kuma ita ce ta fi nuna wasan yadda yake tun asali. Abin da sabon shiga zai fara cin karo da shi shi ne tambayar sunansa. Zai iya rubuta Buba, ko Manu, ko Ladi, kuma da wannan suna kowa zai riƙa kiransa har ƙarshen labari.

Sai ya tsinci kansa gaban Sarki Lorik a fadar Tantegel, cikin ƙasar Alefgard. Sarki ya gaya masa cewa wani azzalumi, Sarkin Dodanni, ya sace ƙwallon haske wanda zaman lafiyar ƙasa ya dogara a kansa. Daga bakin dogarai kuma zai ji an sace Gimbiya Gwaelin. Duk guzurin da za a ba shi yana cikin akwatuna uku: tsabar zinariya 120, da jiniya ɗaya ta shiga duhun kogo, da mabuɗi ɗaya wanda da shi zai buɗe ƙofar fita daga ɗakin.

A nan ne wanda ya saba da wasannin zamani zai soma ƙosawa. Ba abin da ke faruwa da kansa. In yana son magana da mutum, sai ya fuskance shi ya zaɓi umurnin magana daga jeri. In yana son sauka daga bene, sai ya tsaya kan matakala ya zaɓi umurnin matakala. Ga shi kuma Turancin irin na mutanen da ne, mai "thou" da "thy", wanda ko ɗalibin jami'a sai ya nutsu kafin ya kama zarensa.

Da fitarsa daga fada, abu na farko da idonsa zai faɗa a kai shi ne gidan Sarkin Dodanni, ga shi can tsallaken ruwa, kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Ba gada, ba jirgi. Sai ya zagaye ƙasar duka kafin ya taka wannan tsibiri. Masu tsara wasan sun ajiye ƙarshen tafiya a gaban mai tafiya tun daga takun farko, domin kullum ya fito ya gan shi ya tuna abin da ya fito nema.

CINIKI, FAƊA DA HAƘURI

Kusa da fada akwai wani ƙaramin gari mai kasuwa. A nan lissafi ke farawa. Gora tana kan zinariya 10, kulki 60, takobin tagulla 180, riga 20, sulken fata 70. Mai 120 ba zai sami duk abin da ransa ke so ba. Ya sayi kulki da riga ya rage na kwana, ko kuwa ya sayi sulke ya tafi da gora? Wanda ya taɓa riƙe jarin tireda ya san irin wannan tunani.

Faɗan ma ba na saurin yatsa ba ne. Dodo yakan fito ɗaya, wasa ya tsaya cik yana jiran umurni: a kai sara, a gudu, a sha magani, ko a yi amfani da wata laya. Jarumi ya kai nasa, dodo ya rama, ana rage jinin kowa da lamba. Dodon farko wani ɗan curi ne shuɗi mai murmushi, wanda ladan kashe shi maki 1 ne da zinariya ɗaya ko biyu. Sai an tara maki 7 kafin a hau mataki na biyu, mataki na ƙarshe kuwa, na 30, yana bukatar maki 65,535. Kowane mataki yana ƙara ƙarfi da jini.

Kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi shi ne gaggawa. Da ya ji ɗan ƙarfi a jikinsa sai ya ƙetare gada. Ashe kowace gada iyaka ce, dodannin da ke bayanta sun fi na gabanta ƙarfi. Nan take za a kayar da shi, ya farfaɗo gaban sarki, an yi masa faɗa, an kuma zabtare rabin kuɗin da ke aljihunsa. Sai dai makin da ya tara yana nan daram. Wannan ita ce hikimar Horii: ba wanda wasan zai gagara har abada muddin yana dawowa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Haka nan ba taswirar da ke nuna inda za a nufa. Labarin hanya yana bakin jama'a. Wannan tsoho ya san inda aka ɓoye sarewa, waccan mata ta ji ana maganar garin da ake sayar da mabuɗai, wancan soja ya san kogon da aka kai gimbiya. Wanda ya ƙi tsayawa ya gai da mutane ya saurare su zai yi ta yawo a daji. Matambayi ba ya ɓata. 'Yan wasan da can sukan ajiye littafi da fensir kusa da su, kuma a fitowar Japan ma, da ba ta da batir, sai an kwafe haruffa 20 daidai wa daida kafin a kashe akwati. Harafi ɗaya ya kuskure, tafiya ta ɓace.

BAYAJIDA DA RIJIYAR KUSUGU

Abin da zai ba mai wasa Bahaushe mamaki shi ne yadda labarin ya yi kama da na gida. Bayajida baƙo ne da ya taso daga gabas, ya ratso Barno, ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya isa Daura da dare, wata tsohuwa ta ba shi labarin macijin da ya hana ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, ya je ya sare kansa. Ga tafiya, ga neman makami, ga tsohuwa mai labari, ga dodo, ga sarauniya. Ba abin da ya rage cikin kayan haɗin irin wannan wasa.

Har ma da zancen rabin ƙasa. A labarin Daura, Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe macijin, Bayajida ya ce aurenta yake so. A wasan Japan kuwa, bayan jarumi ya ceto gimbiya daga hannun koren dodo ya ɗauko ta har fada, ya tattara kayan da za su kafa masa gadar bakan gizo, ya isa gaban Sarkin Dodanni, sai azzalumin ya yi masa tayin rabin duniya in zai bi shi. Mai wasa ne zai amsa da hannunsa. In ya karɓa, tafiyar ta ƙare masa da taɓewa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Littattafanmu na farko ma wannan hanya suka bi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, duka labaran mutum ne da ya bar gida ya shiga duniya, ya gamu da aljannu da mayaudara, ya komo da abin da ya samo.

AMFANI DA ILLA

Iyaye suna da hakkin tambaya: me yaro zai ƙaru da shi? Amfanin da ke bayyane shi ne karatu. Yaron da ba ya son buɗe littafin Turanci zai karanta ɗaruruwan jimloli don kansa, ya nemi ma'anar kalma domin in bai gane ta ba ba zai sami hanya ba. Akwai kuma lissafi, da tattali, da koyon jinkirta biyan bukata. Bugu da ƙari, tsohon wasan ba ya neman a zuba masa kuɗi a tsakiyar tafiya, kuma yana da ƙarshe, saɓanin yawancin wasannin waya na yanzu da aka tsara don kada a taɓa gamawa, balle shagunan caca na ƙwallo da suka cinye jarin samari da yawa.

Illar kuwa babba ita ce cin lokaci. Saura maki kaɗan a hau mataki, saura zinariya kaɗan a sayi takobi, kafin a ankara an kira salla an idar, jarrabawa ta matso, aike ya kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, tsarin ya soma aiki a 2022. Alamarta ita ce mutum ya kasa tsai da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar. Maganin tun da wuri shi ne a yanka wa wasa lokaci, bayan karatu da aikin gida, kuma kada waya ta kwana a ƙarƙashin matashin kai.

Akwai kuma batun abin da ke cikin labaran. Waɗannan wasanni cike suke da sihiri da dodanni, waɗansunsu har da gumaka da wuraren bauta na ƙage. Ya kamata uba ko wa ya zauna ya ga abin da yaro ke yi, ya fahimtar da shi cewa tatsuniya ce irin ta gizo da ƙoƙi, ya kuma hana wanda bai dace da tarbiyyar gida ba.

Har wa yau, akwai hakkin mai abu. Da yawa suna samun tsofaffin wasanni ne ta manhajar da ke kwaikwayon tsohon akwati, su sauko da kwafi daga intanet ba da izinin masu shi ba. Nijeriya ta sabunta dokarta ta hakkin mallaka a 2023, kuma irin waɗannan shafuna sukan ɗauko wa waya cuta. Kamfanin Square Enix ya sa Dragon Quest na farko a kasuwar manhajojin waya da Turanci tun 2014, an gyara masa zane an sauƙaƙa umurninsa, kuma nan ce ƙofar halal.

INA NAMU?

Waɗansu a Afirka sun riga sun yunƙura. A 2016 wani kamfani na Yawunde a Kamaru, Kiro'o Games, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fito da wasa mai suna Aurion wanda aka gina a kan al'adun Afirka. Turawa ma sun hango abin da ke ƙasarmu. A 2021 an shigar da Hausawa cikin wasan yaƙi na Age of Empires III, da Sarauniya Amina ta Zazzau a matsayin jagora, a 2025 kuma aka sake sa ta cikin Civilization VII. Watau waɗansu ne ke ɗaukar tarihinmu su sarrafa, mu kuma mu saya.

Alhali kuwa Gombe ba ta rasa kayan aiki ba. Ga Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, ga Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011, duka suna yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta. Ga ƙasa mai fasali: kogin Gongola, da dam ɗin Daɗin Kowa, da dutsen Bima, da tsaunukan Tula da na Tangale, da kangon Gombe Abba inda Buba Yero ya kafa hedkwatar masarauta kafin a koma Nafaɗa a 1913, sa'an nan Gombe Doma a 1919. Ga tatsuniyoyin Fulani da Tera da Tangale da Waja da Bolawa da Hausawa, waɗanda tsofaffin da suka haddace su suna ta ƙarewa. Ba lalle ne a taɓa manyan malamai da shugabannin addini ba, waɗanda darajarsu ta wuce a yi wasa da su. Labarin Ɗan Auta da dodo shi kaɗai ya isa a gina wasa sukutum.

Wanda ya buga wasan 1986 har ƙarshe zai gane cewa 'yan mutane ƙalilan ne suka yi shi, da na'urar da ba ta kai wayar da ke hannunsa ba. Abin da suka fi mu da shi shi ne sun zauna sun rubuta labarinsu da harshensu, suka auna kowace gada da kowane dodo da farashin kowace gora. Ranar da yaro a Herwagana zai buɗe wasa ya ga sarki ya yi masa maraba da Hausa ko da Fulatanci, ya aike shi neman ruwa a bayan dutsen Bima, ranar ce za a ce tsohuwar zumar ta yi magani. Allah Ya nuna mana, Ya kuma shirya mana zuriya.